Gani Ya Kori Ji? Tarken Hotunan 'Yan Wasa da 'Yan Kallo a Gasar Cin Kofin Duniya

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon ƙafa ya daɗe da zama abin hira a ƙasar Hausa, tun daga teburin mai shayi har zuwa ofisoshin malaman jami'a, amma a ganinmu hotunan da ake ɗauka a wuraren wasan ba su sami irin kulawar da masu nazari suka ba waƙa da zube da wasan kwaikwayo ba. Dalili kuwa a fili yake. Akasarin jama'a sun ɗauka cewa hoto ba ƙagaggen abu ba ne, na'ura ce kurum ta kama abin da ya auku, saboda haka babu abin da mai tarke zai tsinta a ciki. Bahaushe ma ya ce gani ya kori ji, watau da zarar ido ya shaida, magana ta ƙare.

A wannan maƙala za mu ɗora wannan karin magana a kan sikeli. Za mu duba waɗansu sanannun hotuna da aka ɗauka a Gasar Cin Kofin Duniya tsakanin 1970 da 2022, mu feɗe su kamar yadda muka saba feɗe waƙa, watau ta fuskar jigo da salo da zubi. Abin da muke son nunawa shi ne mai ɗaukar hoton wasa ɗan'uwan makaɗin maza ne. Sa'ad da Muhammadu Ɗan'anace yake wasa Shago, ba tarihin dambe yake rubutawa ba. Yana zaɓen ranar da gwaninsa ya yi kisa ne, ya yi shiru a kan sauran ranakun. Mai sauraro ya san haka, yana kuma rage wa kirari farashi da kansa kafin ya saya. Mai kallon hoto kuwa ba ya ragi, a yadda aka taya masa yake biya. Wannan ne ya sa muka ga hoto ya fi waƙa bukatar tarke.

2.0 Mazaunin Mai Ɗaukar Hoto

Kafin mu shiga hotunan, ya kamata 'yan'uwa mahalarta wannan taro su san halin da ake ɗaukarsu. Wasa minti 90 ne, watau daƙiƙa 5,400. Domin a tsai da ɗan wasan da ke gudu ba tare da siffarsa ta dagule ba, kyamara takan buɗe idonta ta rufe a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Ke nan idan jarida ta buga hoto guda a shafinta na farko, ta zaɓi ƙiftawa ɗaya daga cikin fiye da miliyan biyar, ta ce wa mai karatu ga wasan jiya. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, sai an wanke kuma kafin mai shi ya san abin da ya kamo. Kyamarorin da suka biyo baya suna ɗaukar gomman hotuna a daƙiƙa ɗaya, su aika wa edita ta waya tun ana cikin wasa. Wannan ya ƙara yawan abin da za a zaɓa daga ciki, amma zaɓen yana nan bai gushe ba.

Sa'an nan mai hoto ba shi da 'yancin yawo. Hukumar gasa ce take ba shi 'yar riga mai lamba da wurin zama, galibi a bayan layin raga, a kan 'yar kujera, bayan allunan talla. Tilas tun kafin a busa usur ya yanke shawarar ragar da zai fuskanta, wanda yake caca ce a kan ƙasar da yake jin za ta ci. Yana kuma aiki da dogon gilashi mai janyo nesa kusa, kuma ɗabi'ar irin wannan gilashi ita ce ya fito da mutum ɗaya tar, ya narkar da duk abin da ke bayansa. Dubban mutanen da suka biya kuɗi suka cika fili sai su koma wani hazo mai launi a bayan kafaɗar gwani. Tun a nan, kafin a zo ga niyyar kowa, na'urar da kanta ta raba mutane gida biyu, mai fuska da marasa fuska.

Bayan mai hoto akwai edita, wanda yake zaɓe yana datse gefuna, akwai kuma mai rubuta 'yan kalmomin da ke ƙarƙashin hoto. Hannu uku ke nan kafin abin ya iso idonmu.

3.0 Hoton Gwani

Babu misalin da ya fi dacewa mu fara da shi kamar hoton da Steve Powell ya ɗauka ran 13 ga Yuni, 1982, a wasan buɗe gasa tsakanin Ajantina da Beljiyam a birnin Basalona. An ɗauke shi daga sama, daga cikin mazaunin 'yan kallo. Diego Maradona ya ba mu baya, ƙwallo na ƙafarsa ta hagu, a gabansa kuwa 'yan Beljiyam shida ne a cure cikin jajayen riguna, kowa ya zuba masa ido kamar awakin da suka hangi kura. Jigon hoton a bayyane yake: mutum ɗaya ya gagari runduna. Ta fuskar zubi ma ba shi da makusa, domin tsanwan ciyawa ya share fage, ja ya taru a gefe guda, shuɗi da fari suka tsaya su kaɗai a ɗaya gefen.

To, amma me ya faru a zahiri? Bugun tazara aka ba Ajantina. Mutanen nan shida katanga suka yi, kamar yadda kowace ƙungiya take yi ko da wa zai buga. Osvaldo Ardiles ya miƙa wa Maradona ƙwallo a gefe, katangar ta soma watsewa, a daidai wannan ƙiftawa Powell ya danna. Babu abin da ya biyo baya. Daɗin daɗawa, Beljiyam ce ta ci wasan da ci ɗaya da nema, ta ƙafar Erwin Vandenbergh, kuma Maradona ya bar gasar ta 1982 da jan kati a wasansu da Birazil. Ba a taɓa hoton da almakashi ba, ba a ƙara masa kome ba, duk da haka labarin da yake bayarwa kishiyar labarin ranar ne. Masu kare shi sukan ce ya faɗi gaskiyar da ta fi ta wasa ɗaya girma, tun da shekaru huɗu bayan haka Maradona ya zama abin da hoton ya ce shi ne. Mun yarda da wannan hujja a matsayin hujjar kirari. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ajiye hoton a shafin tarihi ba tare da an gaya wa mai kallo cewa katanga yake gani ba.

Gasar 1986 a Meziko ta nuna ɗaya fuskar. Ran 22 ga Yuni, a filin Azteca, Maradona ya jefa wa Ingila ƙwallo biyu cikin 'yan mintuna. Ta farko da hannu ya tura ta bisa kan mai tsaron gida Peter Shilton, alƙalin wasa Ali bin Nasir na Tunisiya bai gani ba, amma masu hoton da ke bayan raga sun gani, kuma washegari duniya ta ga dunƙulen hannun a kan ƙwallo. A nan kam gani ya kori ji. Ta biyu kuwa, wadda ya ɗauko tun daga tsakiyar fili ya yi ta yanke 'yan Ingila ɗaya bayan ɗaya, wadda ake lissafawa cikin mafi kyawun ƙwallayen da aka taɓa ci, babu hoto guda da ya iya riƙe ta, domin kyawunta a cikin tafiya yake, hoto kuwa tsayawa ya iya. Saboda haka laifin da aka yi cikin ƙiftawa ya sami shaida madawwamiya, gwanintar da ta ɗauki daƙiƙa goma kuwa sai a nemi majigi. Wannan iyaka ce ta fannin kansa, kuma ita ce ta sa yawancin hotunan da suka shahara ba na wasan ba ne, na abin da ya biyo bayan wasan ne: murna, da kuka, da musayar riga. Hoton da John Varley ya ɗauka na Pele da Bobby Moore a Guadalajara a 1970, tsirara daga ƙugu zuwa sama, kowa ya dafa ɗan'uwansa yana murmushi bayan Birazil ta ci Ingila ɗaya da nema, babu ƙwallo a cikinsa sam.

3.1 Yekini a Cikin Raga

Za mu daɗe a kan wannan hoto, domin shi ne namu, kuma shi ne aka fi ɗora wa kaya.

Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ne, a can ya fara wasa da ƙungiyar masaƙar UNTL, kafin ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, da Abiola Babes, da Africa Sports ta Abijan, da Vitoria Setubal ta Fotugal. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, shi ne kuma ya fi kowa cin ƙwallo a Gasar Kofin Afirka ta 1992 da ta 1994. Ran 21 ga Yuni, 1994, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas a Amurka, Nijeriya ta buga wasanta na farko a tarihin Gasar Cin Kofin Duniya, da Bulgeriya. A minti na 21 Finidi George ya gangaro da ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga daga kusa. Ita kanta ƙwallon ba wata abin a zo a gani ba ce, aikin Finidi ya fi yawa a ciki. Abin da ya biyo baya ne ya zauna. Yekini ya bi ƙwallon har cikin raga, ya zura hannuwansa ta cikin saƙar, ya dunƙule su, ya buɗe baki yana kururuwa.

Ƙarfin hoton a zubinsa yake. Da yake mazaunin masu hoto a bayan raga yake, kamar yadda muka bayyana a baya, sai igiyoyin suka faɗo tsakaninmu da shi, suka yanka fuskarsa gida-gida. Ɗan wasan da ya ci ƙwallo yakan ruga ne ya bar raga, ya nufi kusurwa ko 'yan kallo. Wannan kuwa ya shiga inda ƙwallo kaɗai take shiga, ya tsaya a matsayin abin da aka kama. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuska amsa biyu take bayarwa. Wanda bai san wasan ba, idan aka rufe masa rubutun da ke ƙasa, ba zai iya rantsuwa ko mutumin murna yake yi ko neman ceto ba. Hoto mai ma'ana ɗaya yakan mutu da jaridar ranar, irin wannan mai harshen damo kuwa shi yake daɗewa.

Sai dai harshen damon nan ya buɗe ƙofar da ya kamata mai tarke ya tsaya a bakinta. A watan da aka ɗauki hoton, Nijeriya tana ƙarƙashin mulkin Janar Sani Abacha, rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, yana kan ganiyarsa. Ran 11 ga Yuni, 1994, Cif M.K.O. Abiola, wanda Yekini ya taɓa yi wa ƙungiyarsa wasa, ya ayyana kansa shugaban ƙasa, ran 23 ga watan kuma aka kama shi, watau kwana biyu bayan wasan Dallas. Abu ne mai sauƙi a ɗauki ragar nan a mai da ita kurkuku, a mai da kururuwar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Haka kuma bayan Yekini ya rasu a Ibadan ran 4 ga Mayu, 2012, Allah ya ji ƙansa, bayan shekarun da aka ba da labarin ya janye jiki daga jama'a, jaridu sun sake fito da wannan hoto, sai mutane suka riƙa ganin kaɗaici a cikinsa, kamar dai ya hango ƙarshensa tun yana ɗan shekara 30. An ma yi ta sa masa kalmomi iri-iri a baki, kowa da abin da ya ce ya faɗa a cikin ragar.

A ganinmu waɗannan fassarori duka daga baya aka shigo da su. Kaɗaicin da ake gani aikin dogon gilashi ne da almakashin edita. 'Yan'uwansa goma suna cikin fili, waɗansu ma suna tafe da gudu su rungume shi. Ba mu hana kowa jin abin da ya ji ba, domin hoto ba ya rayuwa sai da abin da mai kallo ya kawo masa. Amma wajibi ne malami ya rarrabe wa ɗalibansa abin da ke cikin takarda da abin da ke cikin zuciyar mai riƙe da ita. Akwai kuma hasarar da kirari yake jawowa ko yaushe. An tashi wasan nan uku da nema, Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suka ci sauran biyun, kuma Bulgeriyar da aka lallasa ita ce ta kai wasan kusa da na ƙarshe a wannan gasa. Wannan aikin ƙungiya ne. Yekini ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, amma wannan ce kaɗai ya ci a Gasar Cin Kofin Duniya. Duk da haka, ka tambayi yaron da aka haifa bayan 1994 abin da ya sani na wannan tafiya, mutum ɗaya a cikin raga zai kwatanta maka.

Kafin mu bar 'yan wasa, ga wani ɗan misali na yadda hoto ɗaya yake canja ma'ana gwargwadon idon da ya kalle shi. Ran 18 ga Disamba, 2022, a filin Lusail, Sarkin Ƙatar Tamim bin Hamad ya yafa wa Lionel Messi wata baƙar riga shara-shara mai bakin zinariya kafin ya ɗaga kofi. Waɗansu masu sharhi a Turai suka ga an ɓata hoton, an rufe rigar Ajantina a lokacin da ya fi kamata a gan ta. Bahaushen da ya taɓa halartar naɗin sarauta kuwa bai bukaci mai fassara ba: alkyabba ya gani, sarki ya yafa wa wanda ya ga ya isa.

4.0 Hoton Ɗan Kallo

Ɗan wasa yana da suna. A ƙarƙashin hotonsa za a rubuta ko shi wane ne, da minti, da abokin karawarsa. Ɗan kallo kuwa sunan ƙasarsa kurum ake ba shi: wani ɗan Birazil, wata 'yar Rasha, magoya bayan Nijeriya. Da zarar an yi haka ya daina zama mutum ɗaya, ya zama wakilin miliyoyin da ba su aike shi ba. Saboda haka zaɓen ɗan kallon da za a ɗauka ya fi zaɓen ɗan wasa nauyi, ko da yake ba a cika lura ba.

Mafi kyawun abin da wannan reshe ya haifar, a ra'ayinmu, shi ne hoton da Reginaldo Manente ya ɗauka a filin Sarriya na Basalona ran 5 ga Yuli, 1982, bayan Paolo Rossi ya ci ƙwallo uku Italiya ta fitar da Birazil ɗin su Zico da Socrates da ci uku da biyu. Wani yaro ne ɗan shekara goma cikin rigar Birazil, ya ɗaga ƙirji, ya cije, yana kokawa da kuka. Washegari jaridar Jornal da Tarde ta birnin Sao Paulo ta cika shafinta na farko da shi, ba ta rubuta kome ba sai sunan gari da kwanan wata. Abu biyu suka ɗaukaka wannan aiki. Na farko, an kama yaron yana dauriya, bai riga ya rushe ba, don haka mutuncinsa yana tare da shi. Na biyu, edita ya kame bakinsa.

A kwatanta wannan da abin da ya faru ran 8 ga Yuli, 2014, a Belo Horizonte, sa'ad da Jamus ta ci Birazil bakwai da ɗaya a gidanta. Tun kafin hutun rabin lokaci kyamarori suka juya wa fili baya suka shiga farautar hawaye, mata da yara da tsofaffi, baki a wage, kwalliyar fuska tana zuba. Kuka ya zama haja. Wanda ya fi yawo a cikinsu shi ne na wani dattijo mai farin gashin baki, ya rungume kwaikwayon kofin duniya kamar mai jinyar ɗa. Akwai hoto na biyu na wannan dattijo, inda yake miƙa kofin ga wata mai goyon bayan Jamus yana murmushi, kuma shi ne ya fi gaya mana ko wane irin mutum ne, amma bai yi rabin tafiyar da na farko ya yi ba. Ya kamata mu tambayi kanmu ko tikitin shiga fili ya haɗa da izinin a rarraba wa duniya fuskar mutum a sa'ar da ya fi rauni. Ɗan wasa sana'arsa ce, ana biyansa don a kalle shi. Ɗan kallo shi ya biya.

Batun mata ya fi wannan muni, har sai da masu abin da kansu suka ji kunya. An daɗe ana al'adar lalubo kyakkyawar budurwa a cikin taro a tsaya a kanta, ba don tana murna ko baƙin ciki ba. A gasar Rasha ta 2018 kamfanin Getty Images ya tara irin waɗannan hotuna wuri ɗaya ya baje, aka yi masa ca, ya janye su. A wannan gasa kuma hukumar FIFA ta nemi gidajen talabijin su rage wannan ɗabi'a.

Namu rabon kuwa shi ne kwalliya. Mai hoton da ya juyo wajen 'yan Afirka yakan wuce ɗaruruwan mutane masu riga da wando, ya tsaya a kan wanda ya shafe jikinsa da fenti, ko mai ƙaho a ka, ko mai tukunya tana hayaƙi. Ba mu ce waɗannan ba su nan ba. Matasan Senegal da suke jera kansu kowa da harafi ɗaya na sunan ƙasarsu a ƙirji, da masu kakaki da ganguna na ƙungiyar magoya bayan Nijeriya, don a gan su suke zuwa, kuma fasaha ce tasu wadda ta cancanci nazari na kanta. Aibin yana ga maimaici. Idan shekara da shekaru fuska iri ɗaya ce take fita da sunan nahiya, sai baƙo ya ɗauka ita ke nan. A 2018, kafin wasan Nijeriya da Kuroshiya a Kaliningrad, labarin da ya zaga jaridun duniya shi ne hukumomin garin sun hana 'yan Nijeriya shiga fili da kaji masu rai. Kaza ɗaya a hannun mutum ɗaya ta fi dubun 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikata da suka je kallon cika idon edita. Ga shi kuma wanda ya iya biyan kuɗin jirgi da biza da masauki da tikiti ba shi ne talakan da ake cewa yana wakilta ba.

Gasar 2022 ta kawo wani abu dabam, a lokacin da Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Bayan sun ci Beljiyam, Achraf Hakimi ya nufi mazaunin 'yan kallo ya sumbaci mahaifiyarsa. Bayan sun fitar da Fotugal, Sofiane Boufal ya jawo tasa cikin fili suka taka rawa, tana sanye da ɗankwalinta da doguwar rigarta. Waɗannan hotuna sun karya katangar da dogon gilashi ya gina, domin gwani da 'yar kallo sun shiga haske ɗaya, kuma tilas mai rubutun ƙasa ya faɗi matsayinta. Mun lura ba kwalliya ce ta sa aka ɗauke su ba, dangantaka ce, kuma 'yan wasan ne suka ja kyamara zuwa wurin, ba ita ta nemo ba.

Akwai kuma maganar mallaka, wadda ta shafe mu kai tsaye. Izinin zama a bayan raga galibi manyan kamfanonin dillancin labarai da na hotuna ne suke samun mafi kyawunsa, irin su Reuters da AFP da AP da Getty Images, wanda ya sayi kamfanin Allsport da taskarsa a 1998. Ke nan siffar ranar da muka fi alfahari da ita a ƙwallo tana ajiye a rumbun wani, kuma mai son buga ta a littafin makaranta bisa ƙa'ida sai ya nemi izini ya biya. Mu kuma a namu gefen muna da laifi, domin sau da yawa a kan kwafi hoto a buga babu sunan wanda ya ɗauka, abin da ba za mu yarda a yi wa mawaƙi ba.

Daga ƙarshe, ina Bahaushe ɗan kallo yake a cikin wannan taska? Mafi yawan masu kallon Gasar Cin Kofin Duniya a Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram ba su taɓa taka filin ba. A gidan kallo suke, rumfar kwano ko ta zana, da bencina a jere, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareta yana ruri a waje. Su ma 'yan kallon gasar ne, suna kuma cikinta da zuciya ɗaya. Wanda ya ga yadda gari ya ɗauka ran 22 ga Yuni, 2018, sa'ad da Ahmed Musa ya ci Aisilan ƙwallo biyu a Volgograd, ya san haka. Amma kyamarorin duniya ba su cika waiwayar gidan kallo ba sai ran masifa. Ran 17 ga Yuni, 2014, ana cikin kallon wasan Birazil da Meziko, bam ya tashi a wani wurin kallo a Damaturu ta Jihar Yobe, mutane fiye da goma suka rasu, da dama suka jikkata. Hotunan da suka fita daga can na gadajen asibiti ne da ƙonannun ƙarafa. A daren nan ɗaya an ɗauki fuskokin 'yan kallo barkatai a filin Fortaleza, inda aka tashi babu ci. Na Damaturu kuwa, waɗanda wasan ɗaya suka zauna kallo, ba a ɗauke su suna kallo ba.

Aikin ba mai sauƙi ba ne ga wanda zai yi shi. Ɗakin duhu ne, babu haske sai wanda akwatin talabijin yake watsawa, kuma walƙiyar kyamara za ta kashe shi ta kuma fusata jama'a. Tilas mai hoto ya zauna a ƙarƙashin akwatin ya ba wasan baya, ya ajiye dogon gilashi ya ɗauki gajere mai faɗi wanda zai fito da benci biyar ko shida a lokaci ɗaya, ya nemi yardar mai gida da ta mazauna, sa'an nan ya san ƙwallo ta shiga daga fuskokin da ke gabansa.